Hannun da na bar wa Hajiya

Godiya ta tabbata ga Allah, Majiɓincin masu rauni. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a shekarar da matata Hajiya ta samu shanyewar ɓarin jiki, ɓarayi suka fasa gidaje biyu a layinmu na garin Silver Spring, a nan ƙasar waje inda muke zaune, da rana tsaka. Tun daga nan ta daina zama a falo. Ko mai kawo wasiƙa ne ya taɓa ƙofa, sai in ga hannunta mai lafiya ya ƙanƙame sanda. Har ta fara cewa mu bar gidan mu koma wurin ɗanmu a garin Annandale, alhali na san ranta yana nan, inda ta raini 'ya'yanta.

Na daɗe ina juya al'amarin. Malamanmu sun karantar da mu cewa tsare rai wajibi ne, kuma riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Na yi istihara, na bi ƙa'idar hukuma, na sayi doguwar bindiga da akwatin ƙarfe mai makulli.

Tsohon sojan da ya koya mini riƙonta ya ce mutane sun saɓa a kan maɗaurin rataya bindiga a kafaɗa. Wasu suna sa shi domin hannu ya samu sarari, wasu suna ƙin sa domin yakan maƙale a wuri matsattse. Ya ce in gwada a gidana, da tufafin da nake yini da su. Wannan na ƙarshe ban ba shi muhimmanci ba. Na tuna takobin kakana da hamilarsa, wato igiyar da yake rataya shi da ita a kan riga, sai na saki maɗaurin iya tsawonsa, ina ganin na gaji abin.

Ranar wata Asabar bayan azahar ɗanmu ya zo, ya duba sau biyu ya tabbatar babu harsashi, muka yi gwaji. Shirin shi ne in ɗauko Hajiya daga falo in kai ta ɗaki, in kulle, in kira 'yan sanda. Ina sanye da babbar riga, kamar kullum. Taku uku na yi, maɗaurin ya kama mariƙin ƙofa, hannun riga ya naɗe a kansa, na tsaya a ɗaure kamar ragon layya. Hajiya ta yi dariya har da hawaye. Rabona da jin dariyarta tun kafin ciwon.

"Baba, a cire abin nan," in ji ɗanmu. "Ɓarawo ma sai ya tsaya ya kwance ku."

Muka cire. Na wuce ƙofar lafiya, hannuwana biyu a kan bindiga. Da na isa gaban Hajiya, sai ta miƙo hannu kamar yadda ta saba, ba ni da abin karɓarsa.

"Malam," ta ce, "ita za ka riƙe ko ni?"

Ita ce ta warware mas'alar, domin ta yi shekaru tana ɗinki. Ta ce a mayar da maɗaurin, ta sa ɗanmu ya yi ta rage shi tana auna ƙirjina da ido, sannan ta sa aka naɗe jelar da ta rage. Ta kuma yanke hukunci cewa babbar riga ta masallaci ce, a gida jamfa ta ishe ni.

A gwaji na uku bindigar ta kwanta a ƙirjina, bakinta yana kallon ƙasa. Hannun hagu ya shiga ƙarƙashin hammatar Hajiya, na dama ya riƙe waya. Muka isa ɗakin a hankali, da tafiyarta, ba da tawa ba.

Ba ta sake tayar da maganar Annandale ba. Yanzu takan zauna a falo da carbinta, labule a buɗe. Bindigar kuwa tana kulle, ba ta fitowa sai don gogewa, kuma ina roƙon Allah ta tsufa a haka.

Allah Ya tsare mai karatu da iyalinsa, Ya sa natsuwa a gidansa, Ya bar hannuwansa ga riƙon waɗanda yake ƙauna. Amin.