Waƙar Kakata a Bakin Famfo

Akwai wata Asabar a shekarata ta farko a jami'a, a nan Lafia, da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Da ƙarfe tara da kwata na safe komai ya fara dagule mini.

A ɗakunan kwananmu na mata muna da wata al'ada. Duk Asabar in an taru wanki a bakin famfo, ana ba mutum ɗaya sifika ta saka waƙoƙin da take so. In waƙa ba ta yi wa jama'a ba, sai a hau dukan bokiti har a cire ta. Wadda aka cire wa uku a jere ita za ta ɗebo wa kowa ruwan ɗauraya, kuma har ƙarshen zango ana tsokanarta.

Ni a lokacin ko gaisuwa sai na yi ta tattaro ƙarfin hali. Da aka ce ni za a ba sifika, sati biyu na yi ina shiri. Na saurari abin da kowa ke sakawa, na rubuta waƙoƙi goma a littafina, har da tsawon kowacce. A gaskiya babu wadda nake ji a cikinsu in ina ni kaɗai.

Ta farko ba ta yi minti ɗaya ba wata 'yar ajin ƙarshe, 'yar Agyaragu da kowa ke kira Anti, ta ɗaga bokiti. Ta ce an ji wannan har an gaji. Ta biyu ma haka ta tafi. Saura ɗaya. Na kai hannu in zaɓi ta uku, ga kumfa har gwiwar hannu, yatsana ya zame. Sai muryar kakata ta cika wurin.

Waƙar yarenmu na Alago ce da na ɗauka da wayata a garinmu Doma tana ɓarar agushi, har da kukan zakara a baya. Mafi muni, ni ce ke yi mata amshi, da muryar nan tawa mai rawa. Na so ƙasa ta tsage. Na rasa inda zan goge hannu in kashe.

"Malama, kar ki taɓa wayar nan," in ji Anti.

Wata 'yar Doma da ban taɓa sanin garinmu ɗaya ba ta ajiye zanen da take matsewa, ta karɓi amshin. 'Yan Eggon da 'yan Tibi ba su ji ko kalma ba, amma suka shiga rawa da silifas a cikin ruwan sabulu. Sau huɗu aka maimaita. Kafin a yi shanya mutum shida sun karɓe ta a wayoyinsu, wata har tana cewa a gaishe mata da kaka.

Tun ranar, in aka ce in ba da waƙa, abin da ke raina nake bayarwa, ko da za a yi dariya.

Sai da muka zo kwashe shanya na iya tambayar Anti abin da ya sa ta ƙyale wannan. Ta ninke riga biyu, sannan ta dube ni.

"Ƙanwata, biyun farko namu ne kika dawo mana da su. Wannan ce taki."