Gefen Haladu a Akushin Mudi

Duk wanda ya tashi a Maska ya san Haladu Rumbu, kuma ba noma ne ya ba shi sunan ba, ko da yake manomi ne na kirki. Cikinsa ne ya ba shi. A shekarun da yake dakon auduga a wani kamfanin gurza a Funtua, an ce ya taɓa zama gaban mai waina, ya yi ta ci har matar ta sauke tanda ta ce, "Bawan Allah, tashi ka tafi, ni ma ina da 'ya'ya." Shi bai taɓa musa labarin ba. Gyara ɗaya yake yi masa, ya ce an manta da kunun da ya sha kafin ya zauna.

Da kamfani ya rage ma'aikata sai ya dawo gida, ya auri Sakinatu, ya kama noman masara da dawa. A lokacin kuwa ciyayyar ƙofar gidan Mudi tana tashenta. Ana idar da sallar magariba kowane magidanci zai fito da akushinsa, a baza tabarmi gindin dalbejiya, a jawo kwano ɗaya tsakiya a gama da shi, a jawo na gaba. Kwano goma sha ɗaya ake jerawa. A nan ake sanin wanda san nomansa ya yi ɗingishi, da wanda zai yi gayya ranar Asabar, da matar da gishiri ya kuɓuce mata. Kowa da mazauninsa, ba a canzawa. Na Haladu shi ne jingine da bishiyar, wai don kada nauyin ciki ya kayar da shi baya.

Yau kwano uku suka rage. Wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa Funtua da Kaduna, samari kuwa sun gwammace teburin mai shayi, hannu ɗaya a taliya ɗaya a waya. Saura Haladu, da Malam Awaisu tela, da Mudi mai ƙofar.

Mudi da Haladu rana ɗaya wanzami ya yi musu kaciya, gonakinsu kuma iyaka ɗaya. Kakannin Mudi makiyaya ne, har yanzu da 'yan shanunsa huɗu a bayan gida, shi ya sa kwanonsa ya fi na kowa: tuwon dawa da miyar kukar da matarsa Adama take kaɗawa da niƙaƙƙen wake da albasa, man shanu na yawo a sama, ga ƙwaryar fura da kindirmo. Shekara talatin da ɗoriya Haladu ne yake suɗe wannan akushi.

Sai cikin ya juya masa baya. Abin ya fara da kumburi: ya ci loma kaɗan, ciki ya ɗaure kamar ganga, ya yi ta ƙugi har na kusa da shi a sahu ya waiga. Sai murɗa a ƙasan cibiya, wadda ba ta saki sai ya zaga. Wani makon gudawa ce tun da asuba, sau huɗu sau biyar. Wani makon kuma sai ya kwana uku shiru, in ya shiga makewayi ya fito yana jin bai gama ba. Duk lokacin da damuwa ta taso, ko ruwan sama ya ɗauke alhali masara na fitar da gemu, sai abin ya ninka. Ya sha sassaƙe, ya sha jiƙo, ya sha na masu lasifika a kasuwa. Ba rama, ba zazzaɓi, ba kuma sauƙi.

Da Sakinatu ta matsa sai ya tafi asibiti a Funtua. Aka ɗebi jini, aka auna bayan gida, aka ɗauki hoton ciki. Likita ya juya takardu ya ce, "Baba, ba gyambo, ba ƙari, ba tsutsa. Hanjinka ne mai saurin fushi. Ba ya kisa, amma sai an lallaɓa shi. Ka lura da abin da ke tayar maka da shi. Mutane da yawa wake ne, da nono, da albasa, da maiƙo."

Haladu ya ce, "Likita, ka taɓa cin abinci a gidan Mudi ne?"

Ya gwada, ya ga gaskiya ce. Amma da ya dawo, abin da ya faɗa wa mutane kawai shi ne ba a ga komai ba. Ta yaya Rumbu guda, mai furfura, zai buɗe baki a gaban jama'a ya ce kindirmo na sa shi gudu da buta? Sai ya ɓullo da dabara. Ya ci kwanonsa, wanda Sakinatu ta daina sa wa wake, ya taɓa na Awaisu, in an jawo na Mudi sai ya yi gyatsa ya ce, "Alhamdu lillahi, yau na yi nauyi."

Bai yi lissafi da Adama ba. Ita ba ta taɓa zama a tabarmar ba, amma ta san mazaunin kowa daga yadda akushinta yake dawowa. Gefen Awaisu ɗan rami ne, na mijinta matsakaici, na Haladu kuwa har katako ake gani. Sai ga shi kwana bakwai gefen yana dawowa da tudunsa. Ta ƙara man shanu, ya dawo. Ta ƙara wake, ya dawo.

A wajen injin niƙa mata suka haɗa biyu da biyu. Ciwon da hoton asibiti bai gani ba, ai ba na asibiti ba ne, zuba masa aka yi. To, a kwanon wa ya daina sa hannu? Kafin Juma'a maganar ta shiga gidan Mudi. Ran nan aka idar da magariba, ba tabarma gindin dalbejiya, zaure a rufe.

Kwana uku Haladu da Awaisu suna ci a dakalin masallaci kamar matafiya. A na ukun Awaisu ya aje cokalin miya ya ce, "Rumbu, in kana zargin gidan mutumin nan, ka fito ka faɗa. Adama ta kwana biyu tana kuka. Mudi ya ce shi da fito da kwano har abada."

Haladu ya tsame hannu daga kwano, ya tashi. Da ya shiga gida Sakinatu ta ce, "Malam, ka je ka gaya mishi gaskiya mana. Zawo ai ba sata ba ne."

"In ya ƙi yarda fa? Cewa zai yi na ƙago ne don in rufe zargi."

Washegari bayan la'asar ya doka sallama a zauren Mudi. Mudi ya amsa ciki-ciki, yana tufkar igiya, bai ɗago ba.

"Ɗan Fulani, yunwa nake ji."

"Gidanka gobara ta yi?"

"Na Adama nake so. Da fura."

Mudi ya dube shi. "Ba ka tsoron mu ƙarasa ka?"

"In za a ƙarasa ni, gara da man shanu."

Mudi ya shiga ciki ya daɗe, sannan ya fito da akushi cike, da ƙwarya har baki, ya dire su gabansa, ya koma gefe ya naɗe hannu. Haladu ya yi bismilla. Ya ci gefensa, ya ci na Awaisu, ya ci na Mudi, ya suɗe katako, ya ɗaga ƙwarya bai sauke ba sai da ya ga gindinta. Ya ɗaga murya yadda za a ji a tsakar gida: "A gaya wa uwargida Allah ya yi albarka!" Ya tashi a hankali ya tafi, ciki ya riga ya fara kiɗa.

Da safe duk suna gona, kowa a tasa, ana karyar masara. Mudi na aiki yana satar kallo. Ya ga Haladu ya jefar da buhu, ya suri buta, ya faɗa cikin dawa. Ya fito, ya karya masara ba ta fi goma ba, ya sake komawa. A karo na biyar Mudi ya tsallako iyaka, ya same shi zaune a kan kunya, dafe da ciki, gumi na zuba.

"Rumbu, mene ne haka?"

"Waken Adama ne da nonon shanunka suke gardama. Likita ya hana ni su tun watan jiya."

"Ka sani, ka shanye ƙwarya guda?"

"To da me zan rantse maka? Da baki?"

Mudi ya dubi butar, ya dubi Haladu. Sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ya zauna a ƙasa, yana share ido da hula. "Tsohon banza! Mu da aka yi mana kaciya tare, wace kunya ta rage tsakaninmu? Ka bari matata ta yi ta kuka saboda zawo?"

"Riƙe min buhun nan," in ji Haladu, ya sake surar buta.

Bayan kwana biyu tabarma ta dawo gindin dalbejiya. Da Mudi ya buɗe akushi sai ga miya iri biyu a kan tuwo ɗaya: kuka da wake da man shanu a ɓangare biyu, a gefen da ke fuskantar bishiya kuwa ɗanyar kuɓewa, ba wake ba albasa. Ga kuma 'yar ƙwarya daban, fura dame da ruwan tsamiya. Mudi ya tura wa Haladu yana tsaki, ya ce kakanninsa da sun ga an dama fura ba nono a gidansa, da sun tattara shanu sun bar garin.

Cikin Haladu bai warke ba. Wani makon lafiya, wani makon yana hanyar makewayi, ya dai san abokan faɗansa yanzu. Kwanon ciyayya har yau uku ne, kuma in ana ci sukan lissafo waɗanda babu, kowa da inda yake zama. Akushin Adama kuwa yana komawa cikin gida, gefen bishiya har katako ake gani.