Kwana Uku a Gatawa

Shekarun baya, tun ana bin hanyar Gatawa ba fargaba, ɗana na fari ya faɗo daga saman mota yana lodin gero a kasuwar Sabon Birni. Da ƙeya ya sauka. Watanmu biyu a asibiti a Sakkwato, muka dawo da shi da rai, amma wani mutum ne daban. Ya manta sunaye, ga zafin rai. Matarsa ta koma gidansu ranar da ya jefe ta da buta, ban kuwa ga laifinta ba.

Jinya ta faɗa kan mai ɗakina. Matar da shekara talatin ba ta taɓa faɗin sunansa ba don kunyar ɗan fari, sai ga ta tana yi masa wanka, tana wanke masa shimfiɗa. Ni kuwa aikina zaure. In shimfiɗa tabarma, 'yan dubiya su ce, “Sannu Malam, ya mai jiki?” In yi ajiyar zuciya in ce da sauƙi. Na sha sannu har na ɗauka ni ke jinyar.

Sau ɗaya na gwada ba shi kunu. Ya kaɓe kwanon, ya ɓata mini riga. Na fito ina ce wa mai ɗakina, “Daga hannunki kaɗai yake amsa.” Maganar ta yi mini daɗi, na riƙe ta shekara huɗu.

Wata rana da hantsi ta same ni ina gyaran fartanya.

“Malam, za ni Gatawa wurin ƙanwata. Kwana uku kawai. Kaina sara yake, ba ni barci.”

“To wa za shi ba shi abinci?”

“Kai mana. Ba ɗanka ba ne?”

Na yi dariya. “So kike ya fasa min kai, mu zama biyu? Yi haƙuri a gama girbi.”

Ta ce, “To.” Aka gama girbi, ba ta sake tambaya ba, ni ma ban tuna mata ba.

Kafin lokacin shuka, sai ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Likita ya ce hawan jini ne, ya daɗe yana cin ta. Kwananta biyar ta rasu.

Bayan an kai ta, ɗana ya wuni bai ci komai ba. Washegari na zauna gabansa da kunu, ya kaɓe. Na sake damawa. Ya dube ni, ya buɗe baki.

Ashe sake damawa ne kawai.

Yanzu ni ke yi masa wanka, bayana ya ƙage, idona ya yi rauni. Wani lokaci yakan leƙa ɗakinta ya ce, “Ina Inna?” Nakan ce ta tafi Gatawa. Ban san wa za shi karɓe ni ba in na faɗi, ban kuma da bakin roƙon kowa. Wadda ta roƙe ni kwana uku, girbi na nuna mata.