Kaset Ɗin Baban Rahila

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar maigidana, Baban Rahila. Duk shekara idan watan ya kama nakan zauna in jira in ji wani abu a ƙirjina, sai in ji shiru. Bana ma haka ne, sai dai wani abu ya faru da nake so in rubuta.

A Jos muka fara zaman aure, yana ɗinki a kasuwa. Mutum ne mai son finafinan Indiya kamar ya mutu, musamman tsofaffin nan marasa launi da ake ta maimaitawa a silima tun muna yara. A lokacin matar aure ba ta leƙa silima, balle ni da ke cikin zumuntar mata ta coci. Sai ya samo dabara. Yakan ɓoye rikoda a cikin babbar riga ya tafi silima, da zarar an fara waƙa ya danna, ya kai bakinsa kusa yana ba ni labari ƙasa-ƙasa: "Laraba, ga ta nan ta fito bakin rafi da tulu. Shi kuma wawan ya laɓe bayan bishiya." A bayansa ana jin fito da ihun 'yan kallo, da mai gyaɗa yana talla. Washegari ina wanki ya kunna mini. Ban taɓa ganin fim ko ɗaya ba, amma duk na san wadda ta yi kuka da wanda ya ci amana.

Kaset ɗaya ne ya biyo mu Amurka, lokacin da 'yarmu Rahila, wadda ke aikin jinya, ta ɗauko mu zuwa Greensboro. Shekara huɗu ya yi a nan, a ɗan gidanmu na bayan Gate City Boulevard, yana rage wa mutanen coci tsawon wando yana mitar sanyi. Tun da ya rasu ban kunna kaset ɗin ba. Na sa shi cikin gwangwaninsa na zare da allura, ina cewa sai ranar da na shirya. Sanin cewa muryarsa na nan a ciki ya ishe ni.

A watan jiya Rahila ta shigo da fara'arta, ta ajiye waya a kan tebur. "Mama, na yi miki surprise. Na kai kaset ɗin Baba wani shago an yi transfer ɗinsa zuwa waya. Mutumin ya ce tape ɗin ya ruɓe, da ƙyar ya juya sau ɗaya ya tsinke, amma ya samu komai. Har ya yi cleaning, ya cire duk noise ɗin, babu sauran hayaniya."

Ta danna. Waƙar ta fito tsaf, sarewa da ganga da siririyar muryar matar, kamar jiya aka rera. Na jira rafi da tulu. Babu fito, babu mai gyaɗa, babu Baban Rahila. Rahila ba ta san muryarsa na ciki ba, don ban taɓa gaya mata ba. Da na faɗa mata, ko takalmi ba ta ɗaura daidai ba ta koma shagon. Mai shagon ya ba ta haƙuri, ya ce kwafin farko mai hayaniyar ya riga ya goge shi. Ta dawo tana kuka kamar ranar jana'iza, ni nake shafa bayanta ina tunanin shinkafar da na bari a wuta.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Na san shi, murna zai yi. Shekara da shekaru yana ƙorafin mai gyaɗan nan da ya ɓata masa waƙa. Da ya sa wa mai shagon albarka, ya ce ashe duniya ta ci gaba.

Daga baya Rahila ta nemo mini fim ɗin a waya, na kalla karo na farko. Babu rafi a wurin, babu tulu. Matar tana tsaye ne a bakin taga cikin wani katafaren gida, ita kaɗai. Ashe labarin da zan gane ya riƙa ɗinka mini, daidai jikina. Ban ji haushi ba, ban kuma yi dariya ba. Na dai miƙa mata wayarta.

Yanzu ina kunna waƙar idan ina wanke-wanke. Na san daidai inda yake shigowa, bayan sarewa ta biyu, sai in faɗa da bakina: "Laraba, ga ta nan ta fito." Maganar tana nan duka, ko kalma ɗaya ban manta ba. Muryar ce idan na nema, sai in ji tawa.