Mai Askin Iyakwandishan

A unguwarsu babu mai kiransa da sunan yanka. Mai Aski ake ce masa, har bayan da ya rufe shago ya jefa kilifa cikin durowa. Ba da son ransa ya bar sana'ar ba. Hannu ne ya soma rawa, wata rana ya kusa zaftare wa wani bawan Allah rabin gira, shi ne ya ga gara ya sauka da mutuncinsa. Abin da bai yi tunani ba shi ne baki. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zuba a kan kawunan jama'a, daga hirar ƙwallo zuwa maganin amosanin ka, hannunsa ne kawai ya yi ritaya, harshen yana nan daram.

Da matarsa tana raye da sauƙi. Ita ke shan surutun, tana ninkin kaya tana cewa "uhm" a inda ya dace da inda bai dace ba. Da ta rasu, yara kuma kowa ya kama gabansa, sai ya rage daga shi sai ɗakuna biyu a saman bene, sai iyakwandishan ɗin da ke maƙale a bangon falo, wanda marigayiyar ta matsa aka sa saboda zafi ba ya barin ta ta sake. To, mai aski ba ya zama babu kwastoma. Tun da babu kai, ya koma kan iyakwandishan.

Duk farkon wata yake yi masa abin da shi da bakinsa yake kira aski. Da farko zai kashe wuta daga bango, ya hau kujera, ya ɗauko tsohon ƙyallensa na shago ya ɗaura wa na'urar a ƙasa kamar yadda ake ɗaura wa mutum a wuya, wai kada datti ya ɓata mata gaba. Sannan ya ɗaga murfi yana cewa, "Yallaɓai, yaya muka ji da zafi? Na ga dai ka tara suma." Sumar ita ce ƙurar da ta liƙe a ragar nan guda biyu da ke tace iska. Zai zare su a hankali, ya kai banɗaki ya wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ya jingina su a inuwa, don ya ce rana tana lanƙwasa su. Siraran ƙarafan ciki kuwa da buroshin kakkaɓe wuya yake bin su, daga sama zuwa ƙasa, in ya ga wanda ya karkace ya miƙar da shi da mataji. Ya fesa ruwa da kwalbar feshinsa, ya goge fanka, ya zuba ruwa a kwatar ciki ya tabbatar yana wucewa ta tiyo. Daga nan ya fita baranda ya share wa injin waje ganyaye da saƙar gizo. Gas ne kaɗai ba ya taɓawa, ya ce wannan na masu gyara ne, shi wanzami ba likita ba ne. In ya gama kuma, rantsuwa babu kaffara, sai ya ɗauko madubi ya haska wa na'urar gefe da gefe ya tambaye ta ko ya yi.

Kwastoma dai ba laifi, ba ya motsi, ba ya neman ragi. Aibinsa ɗaya, ba ya mayar da magana. Mai mayar da maganar tana ƙasan bene.

Wata dattijuwa ce mai ɗinki, ita ma mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune ita da kekenta a ɗakin da ke daidai ƙarƙashin nasa. Shi yana ce mata Ta Ƙasa, ita tana ce masa Na Sama. Abin da ya haɗa su tiyo ne. Wanda ya kafa iyakwandishan ɗin ya yi rowar tiyon fitar da ruwa, ya bar shi guntu yana reto a jikin baranda, kuma ruwan bai ga wurin sauka ba sai kan 'yar rumfar kwanon da ta yi wa tagarta. Da Mai Aski ya danna rimot da hantsi, ba a jimawa za a ji ɗas, ɗas, ɗas a kan kwano. Keke ya tsaya. Ƙofa ta buɗe. Sai murya ta taso tun daga ƙasa.

"Na Sama, yau ma ruwan naka ya sauko? Ko in kawo maka iri ne ka yi shuka a kaina?"

Shi kuma, da yake dama jira yake, zai leƙo da kofin shayi a hannu ya ce ai kyauta yake ba ta, wasu da kuɗi suke sayen ruwa mai tsabta haka. Daga nan an buɗe fage. Ta inda take shiga ba ta nan take fita ba: ya jiƙa mata shanya, ya sa kwanonta tsatsa, ya hana ta jin rediyo. Shi ma ya kawo ƙarar kekenta da ya ce yana jin ta har cikin haƙoransa. Kafin a tashi an taɓo tsadar zare, an taɓo ciwon gwiwarta, an taɓo ɗanta da ba ya kiran waya, duk cikin faɗa. In ta gaji ta ja tsaki ta rufe ƙofa, shi kuma ya koma ciki yana ba Yallaɓai labarin yadda ya kayar da ita.

Autarsa ce ta ɓata lissafin. Ta zo duba shi wata Asabar, ta tarar ana tsakiyar fafatawa, maƙwabta sun leƙo ta tagogi kamar masu kallon wasa. Kunya ta kama ta har kunne. Da suka shiga ciki ta ce, "Haba Baba, da girmanka? A kan ɗan tiyon da bai kai tsawon hannu ba ake jin ku har bakin titi?" Ya so ya yi gardama, ta nuna masa cewa shi da ba ya iya ganin gashi ɗaya ya fita layi, ga tiyo a karkace yana reto a ƙofar gidansa shekara da shekaru. Nan ta taɓo shi a inda yake masa ciwo. Washegari ya sayo dogon tiyo da maƙalai, ya ari tsani, ya jona, ya bi bango da shi a miƙe sambal har cikin kwata. Ya ja baya ya duba, ya yaba wa kansa. Ko gyaran fuskar ango bai taɓa fita haka ba.

Da hantsi ya kunna, ya fito baranda da shayinsa. Ruwa ya bi tiyo salin-alin ya shige kwata. Keke yana ta sukuwa a ƙasa, bai tsaya ba, ƙofa ba ta buɗe ba. Ya ce a ransa madalla, an huta. Ya shanye shayin, ya ƙara wani, ya koma ciki.

Hutun bai yi masa daɗi ba. Kwanaki suka yi ta wucewa, ya lura sai ya wuni cur babu wanda ya kira shi, ko da da zagi ne. Ya gwada gaishe ta a bakin matakala, irin gaisuwar mutanen kirki. Ta amsa da lafiya lau, shi ma ya ce lafiya lau, suka tsaya cirko-cirko kowa yana kallon takalminsa, don ba su san yadda ake hira ba tare da faɗa ba. Ya ƙara wa Yallaɓai yawan aski har raga ta soma kokawa, bai bar ƙura ta kwana ba balle ta taru. Da Auta ta kira ta tambayi lafiyarsa, ya ji muryarsa ta dishe don rashin amfani. A nan ya yarda da abin da yake ta kauce wa: kaɗaici ne ke cin sa, kuma da hannunsa ya toshe bakin mutum ɗaya da ya rage mai kula shi kullum.

Farkon wata ya zo. Ya ɗaura ƙyalle, ya wanke raga, ya bi ƙarafa da buroshi, amma bakinsa ya mutu, ko gaisuwa bai yi wa kwastoman ba. Da ya fito share injin waje ya tsaya yana kallon tiyon nan mai kyau. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya koma ciki, ya buɗe durowa, ya ɗauko almakashin da ya rantse ya ajiye har abada. Hannun yana rawa, amma wannan askin ba ya buƙatar layi. Ya datse tiyon daidai inda yake a da, har da ɗan karkatar da shi saitin rumfa.

Ya kunna, ya fito ba ko shayi. Ɗigon farko ya faɗi, na biyu ya biyo. Keke ya tsaya. Ƙofa dai ba ta buɗe ba. Ya soma tunanin ko ta daina kula shi ke nan, ko kuwa wannan karon mai gidan haya za ta kira masa, ya zama tsohon banza mai ɓarna da gangan.

Can sai ga ta. Ta fito da tef ɗin awo a wuya, ta dubi rumfa, ta dubi dogon tiyon da ke lilo a bango babu kai, ta ɗago ta dube shi da almakashi a hannu. Ya yi tsuru-tsuru, ya rasa inda zai ɓoye shi.

"Sai yau ka ga dama?" in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Da ɗigon nan nake sanin ka tashi lafiya. Tun da ka toshe shi, kullum sai na tsayar da keke na kasa kunne ko zan ji takunka a sama. Kai kaɗai a ɗaki, in wani abu ya same ka wa zai sani?"

 Idon Mai Aski ya ciko, ya fake da goge almakashin a jikin riga.

Ita ma ba ta bari abin ya yi nisa ba. Ta gyara ɗankwali, ta kama ƙugu, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji, ta ce ya duba yadda ya jiƙa mata yadin mutane, kuma wallahi yau sai ya faɗa mata wanda zai biya. Tagogin maƙwabta suka soma buɗewa. Ya ce ta dakata, kada ta je ko'ina, bari ya ɗauko shayinsa.