Jirgin da Ya Zaga wa Inna Karantina

Ranar da aka fesa jan fenti a bangon gidanmu na unguwar Karantina, aka rubuta "ikhla", wato kowa ya kwashe nasa ya fita, mahaifiyata ba ta yi kuka ba. Sai ta sa aka jawo mata kujera bakin ƙofa, ta ƙura wa rubutun ido, ta ce, "Ko iya rubutun ma bai yi ba." Na yi dariya, na ce a raina abin zai zo da sauƙi. Ashe har furfura ta fara fito mini ban gama sanin Inna ba.

Na samo mana haya can gabashin gari, muka yi ta jigilar kaya har gidan ya koma fayau. Da aka zo kan akwatin Inna, sai ta ɗora ƙafa a kai.

"Ni ba ɓarauniya ba ce da zan sulale," in ji ta. "Sai na zaga na yi sallama."

A wurinmu, mu jikokin alhazan da suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa suka zauna a Jidda, mace mai mutunci ba ta barin unguwa haka kawai. Gida-gida take bi, ta nemi gafara, a yafe mata ta yafe. Balle Inna, ungozoma, wadda rabin mutanen hararmu, wato unguwarmu, ita ta yanke musu cibiya. Sai dai gwiwoyinta sun daɗe da mutuwa, lungunan kuma ɓaraguzai sun toshe su, keken guragu ba ya wucewa.

Na ce, "Inna, mutanen fa duk sun tashi. Babu kowa a gidajen."

Ta ce, "Gidajen suna nan ai."

Na ce zan goya ta. Ta ce ita ba buhun shinkafa ba ce. Na ɗauki waya na shiga lungu in ɗauko mata hoton ƙofofi, masu gadin aikin rusau suka koro ni kafin in kai masallaci. Na dawo ina huci, ita kuwa tana zaune tana jan carbi kamar ba ita ake jira ba. Wallahi raina ya ɓaci ranar, amma tsoro ya fi ɓacin ran yawa. Katafila tana matsowa kullum, kuma na san Inna: in ta ce ba ta fita, sai dai a cicciɓe ta tana kuka a gaban jama'a, ni kuwa na rantse ba za a yi wa uwata haka ina raye ba.

Ni mai gyaran firji ne da mukayyif, abin sanyaya ɗaki. Amma ina da wata cuta da matata ta daɗe da haƙura da ita, ƙera ƙananan jiragen sama masu rimot, in kai su bayan gari in yi ta wasa kamar ba magidanci ba. A wata gahawa, wurin shan shayi a Balad, tsohon gari, na kamu da ita, tun ina saurayi. Muna shan shayi talabijin ta nuno wani jirgi da ban taɓa ganin irinsa ba: fukafukai dogaye sirara, dogon tanki a dama, dogon tanki a hagu, ɗan akurkin matuƙi a tsakiya, inji guda a ɗore a bayansa. Aka ce mutum ɗaya ne a ciki, zai zagaya duniya ya dawo inda ya tashi ba tare da ya sauka ko'ina ba. Wani dattijo kusa da ni ya ce, "Shi kaɗai? Ba mai rakiya? Wannan bawan Allah ba shi da dangi ne?" Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Kusan kwana uku ina zarya gahawar, har aka nuno ya sauka a filin da ya baro.

Shi ya faɗo mini a rai. Idan ƙasa ta toshe, sama a buɗe take.

Matata ta ce, "Baban yara, ka san ba a yarda a tashi abin nan cikin gari ba. Iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, kake wasa da ita."

Na ce, "Na sani."

"Ka sani, kuma za ka yi."

"Zan yi."

Ta ce, "Allah Ya shirye ka," ta miƙo mini almakashi.

Na ɗauko wani tsohon jirgina na fillin, farin soson nan mara nauyi da ake kare sabon firji da shi, na ɗaure masa tsohuwar waya a ciki, idonta yana kallon ƙasa. Safiyar Juma'a na zaɓa, lokacin da katafila ke hutu, iskar teku kuma ba ta taso ba. Na hau saman gida, na ɗare kan tankin ruwa, na sake shi. Ya tashi da ƙyar, yana rangaji saboda nauyin wayar. Ya wuce gidan mai ƙosai, ya wuce makarantar allo, yana karya kwana bayan masallaci batir ya ce ga garinku. Ina ji ina gani ya sulmiyo cikin wani kango. Sai da na tsallake katangu na yage wando kafin na tsinto shi, fiffike ɗaya a karye.

Wayar ta tsira. Na kawo wa Inna da murnata, na kunna mata. Ta sa tabarau, ta kalla shiru har inda hoton ya kife. Ta miƙo mini.

"Ina sauran?"

"Inna, rabi ne. Wata Juma'ar sai in ɗauko ɗaya rabin."

"Kai ɗan nan, ka taɓa ganin wanda ya yi rabin ɗawafi ya tafi gida cin abinci, ya ce gobe ya dawo ya ƙarasa? Zagaye daga ƙofarka yake farawa, a ƙofarka yake ƙarewa."

Kai! Na fita waje na tsaya ina cizon yatsa. Matata ta biyo ni ta ce a hankali, ai ana iya haɗa hoto biyu a waya, ba wanda zai gane. Na ce wa? Inna? Matar da ta san tsatsar kowane kwano a harar nan? Kuma ko ba ta gane ba, ni na gane. Sallama ta ce za ta yi, ba zan sa ta nemi gafarar mutane da hoton ƙarya ba.

A makon nan aka yanke mana wuta. Muka koma dafa abinci a ƙaramin risho, ruwa sai jarka. Da rana zafi ya riƙa dukan Inna, tana fifita da murfin kwali. Ƙarar rusau kuwa ta iso lungu biyu daga namu, kofin shayi har rawa yake a kan tire.

Na rufe shago, na zauna a tsakar gida ina tuno jirgin nan na talabijin. Abin da na riƙe game da shi shi ne, kusan duk nauyinsa mai ne. Tankin mai ne kawai aka yi wa fukafukai, aka maƙala mutum a tsakiya. Duk abin da ba zai taimaka masa ya kai gida ba, an bar shi a ƙasa. Na dubi nawa, na ga tarkacen banza: tayoyi, fenti, ɗan gilashin da na manna don kwalliya. Na wargaza shi gaba ɗaya.

Na yanko sababbin fukafukai, dogaye sirara, har sun fi ni tsawo in na buɗe hannuwa. Na sa sandar ƙugiyar kamun kifi a cikinsu don ƙarfi. Batura na raba su biyu, rabi a dama, rabi a hagu, wayar a tsakiya inda matuƙi yake zama. Na cire mata murfi. Na cire tayoyi. Har gam sai da na kankare inda ya yi tudu. Baturan a shagon wani abokina na Balad nake kai su caji in dawo da su a aljihu.

Matata ta leƙo ta ce, "To, ba taya, da me zai sauka?"

Na ce, "Ya dai dawo tukuna."

Juma'a ta zagayo. Inna ta ce a hau da ita sama, tana so ta ga tashin ɗan aikenta. Wannan karon ta yarda, ni da matata muka ɗauke ta a kujera, tana faɗa mana mu bi a hankali kamar mu ne masu ciwon gwiwa. Muka ajiye ta gefen igiyar shanya, ta yafa farin mayafinta. Na hau tanki, na yi bisimilla, na wurga shi.

Ya nutsa ƙasa, sannan fukafukan suka kama iska, ya miƙe. Ban taɓa ƙera abin da ya tafi a natse haka ba. Na rage masa wuta, na bar shi yana lilo a hankali. Ya wuce gidan mai ƙosai. Ya wuce makarantar allo. Da ya doshi masallaci, na ce da ƙarfi, "Wallahi ba a nan za ka faɗi ba!" Ya karya kwana, ya bi ta kan filin da aka riga aka share, ya zama ɗan ɗigo fari, ina ƙanƙance ido ina bin sa. Sai da ya juyo ta wajen tashar jiragen ruwa, ya fuskanto gida, na ji farfelar ta fara sanyi. Na kashe injin ɗungurungum. Ko fukafukan su kawo shi, ko shi ke nan.

Ya taho shiru, yana raguwa, yana raguwa. Ya shafi eriyar maƙwabta, ya tsallake katangarmu da ɗan abin da bai kai tafin hannu ba, ya faɗa cikin zanin gadon da matata ta shanya. Matata ta rangaɗa guɗa, ta tuna inda muke, ta toshe baki. Ni kuwa na diro daga kan tanki.

Na kunce wayar, na durƙusa gaban Inna, na riƙe mata. Ta gyara tabarau.

"Salamu alaikum, mutanen gidan nan," ta ce da rufin mai ƙosai. "Zan tashi. Abin da na yi muku, na sani da wanda ban sani ba, ku yafe mini. Ni na yafe."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani gidan ta tuna tagwayen da ta karɓa a ciki. Wani ta ce matar gidan ta riƙe mata turmi shekara da shekaru, ta bar mata. Da hoton ya iso filin da aka share, inda babu komai sai ƙasa da sawun katafila, na ɗauka za ta yi shiru. Ina! Ta sa yatsa tana nunawa, nan gidan wance, nan gidan wane, tana yi musu sallama kamar suna tsaye a ƙofa. Matata ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

Can hoton ya sauko ƙasa-ƙasa, ga wani rufi da tankin ruwa da shanya, ga wata 'yar tsohuwa cikin farin mayafi a kujera.

Inna ta matso da fuska. "Wace ce wannan kuma ta rage?"

Na ce, "Ke ce, Inna."

Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, "To, baiwar Allah, ki tashi haka nan. Kowa ya tafi." Ta cire tabarau ta ninke, ta dube ni. "Halas, an gama. Yalla, maza ɗauko mini akwatina."