Buhunan Kawu Ilu

Har yau ban manta ranar da na fara zama bakin sikeli a kasuwar Dungas ba. Wani kamfanin sayen riɗi da ke Magarya ne ya ɗauke ni mai awo, matakin da ba kowa ƙasa da shi sai 'yan dako. Kwana uku na yi ina juya maganar kafin in amsa. Akwai albashi duk wata, akwai moto, wato babur, wanda ya daure shekara biyu kuma yana iya zama magazinye, wato mai riƙon sito. Aibinsa, aikin yana zafi ne daidai lokacin girbi, ga babana ba mai kama masa a gona. Na ga alherin ya rinjaya, na karɓi gwajin wata uku.

Ƙa'idar kamfanin ita ce a kai sabon ɗauka kasuwar garinsu. Ni da wautata na zaci gata aka yi mini.

Aikin ba wuya. Ka soka bututu a buhu, sama da tsakiya da ƙasa, ka zuba a rariya ka girgiza. In yashi ya yi yawa, buhu ya koma. Ranar farkon nan da hantsi sai ga Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, da buhu huɗu a amalanke. A gidansa na zauna sanda nake lakkwal, wato makarantar boko. Sama tsaf, tsakiya tsaf, ƙasa kuwa yashi ya yi ta zuba.

"Ɗana, a ƙasa muka kakkaɓe shi, ba mu da leda," in ji shi. "Ka san ba ha'inci ba ne."

Na sani sarai. Shef ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, Malam Nuhu, yana kan benci yana shan shayi, ko ɗago kai bai yi ba.

"Kawu, ku yi haƙuri, sai an tankaɗe shi."

"Ni kake faɗa wa haka, Sani? Gaban mutane?"

Ya juya amalankensa ya tafi. Kunya ta kama ni ƙwarai. Sai sannan shef ya ce, "Da ka karɓa, yau za ka koma gida." Ƙarshen wata ukun na sa hannu a kwantara, takardar ɗaukar aiki.

Abin da na koya shi ne, manya a biro, wato ofis, suke kafa doka, amma ƙaramin ma'aikaci ke faɗinta da bakinsa, a kasuwar garinsu. Shekara bakwai ke nan. In na gaida Kawu yana amsawa, sai dai bai sake ce mini ɗana ba.